An yi mini biki a Wales, yaya zan rama?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa ina karantawa ban taɓa cewa uffan ba. Yau dai abin ya tsaya mini a rai, na ce bari in fito da shi ko Allah zai sa a samu mai haska mini.

Ni 'yar Kano ce, ina aiki a gidan kula da tsofaffi kusa da garin Neath a kudancin Wales. Na zo a 2022, lokacin da aka buɗe wa masu irin aikinmu ƙofar biza. Ban cika shekara biyu ba kamfanin da ya ɗauki nauyina ya rasa lasisinsa. Duk wanda ke ƙasar nan ya san abin da ke biyo baya: wasiƙa ta zo, a ba ka kwana 60, ko ka samu wani mai ɗaukar nauyi ko ka tattara naka ya naka. Ga yara biyu a makaranta, ga bizar maigidana rataye da tawa, ga bashin da muka ci kafin mu taho ko rabi ba mu biya ba. Sati biyu na yi ina kuka a banɗakin ma'aikata in wanke fuska in fito.

Akwai wani abokin aikina, Bature ɗan garin, zan kira shi Dogo don tsayinsa. Shi ne wakilin ƙungiyar ƙwadago a wurinmu. Shi ya lura idona ya kumbura, ya matsa sai da na faɗa masa. Ya zaunar da ni ya karanta wasiƙar layi layi, ya rubuta takardu, ya ja ni har gaban manaja sau uku, har gidan suka yarda suka ɗauki nauyina da kansu. Sisi bai karɓa ba. Kuma ba a nan ya tsaya ba. Da azumi shi yake sauya lokacin hutunsa don in samu in sha ruwa a kan lokaci. In zan yi sallah a ɗakin wanki, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana naɗe tawul kada wani ya faɗo mini. Ranar da zazzaɓi ya rufe ƙaramin ɗana da tsakar dare, babu bas, shi ya kai mu asibiti ya zauna har asuba.

To Dogo namiji yake aure. Ba ya ɓoyewa, hotonsu ne ma a fuskar wayarsa. Ni ban taɓa ɗaga maganar ba, shi ma haka.

Satin da ya wuce ya kawo takarda ɗakin hutu. Za su yi taron tara kuɗi a zauren mahaƙa na ƙauyensu, don wani gida da ke ba wa matasa mafaka, waɗanda iyayensu suka kora saboda an gane masu neman jinsinsu ne. Takardar ta zagaya, kowa ya rubuta sunansa da abin da zai bayar. Da ta zo kaina sai ya ɗauke ta a hankali, ya yi mini murmushi, ya miƙa wa ta kusa da ni. Na san don kada ya sa ni a tsaka mai wuya ne. Amma wallahi da mari ya yi mini da bai kai wannan zafi ba.

Sai kuma ga wani abu. Cikin tsofaffin da nake kula da su akwai wani mai shekara 87, tsohon mahaƙin kwal. A cikin gwangwanin da yake ajiye ƙananan kayansa akwai wani bajo mai alama ruwan hoda, mai kusurwa uku. Da ya ji ana maganar taron sai ya ce in ɗauko masa shi, a maƙala masa a riga ranar, kuma ko a keken guragu sai an kai shi. Na ce Baba me ya haɗa ka da su? Ya ce mini waɗannan mutanen sun ciyar da 'ya'yansa a 1984. Daga nan numfashi ya hana shi ƙarasawa.

Tambayata biyu ce. Wannan labari na 1984 gaskiya ne ko ruɗin tsufa? Sannan mu a gida in mace ta yi miki biki, ranar nata sai kin rama, har ki ninka. Ni Musulma ce, na san abin da addinina ya ce. Yaya zan rama wannan bikin? Don Allah mai zagi ya wuce, shawara nake nema.

Tsohon Ɗan Bukuru ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Tsohon nan hankalinsa garau yake. Ina karatu a Landan a shekarun, wani abin da idona na gani.

A watan Maris na 1984 hukumar kwal ta ƙasar ta ce za ta rufe ramuka 20, mutum dubu 20 su rasa aiki. Ƙungiyar mahaƙa, NUM, ƙarƙashin Arthur Scargill ta tsunduma yajin aiki, Firaminista Margaret Thatcher kuma ta ce ba gudu ba ja da baya. Shekara guda cur aka yi ana wannan ja-in-ja, babu albashi. Kotu ta zo ta riƙe asusun ƙungiyar, don haka mai son taimakawa sai dai ya zaɓi wani gari ya kai musu hannu da hannu. Inda kike zaune ɗin nan, kudancin Wales, su suka fi kowa tsayawa a kan yajin, su kuma suka sha yunwarsa.

A ɗaya ɓangaren, masu neman jinsinsu su ma ba daɗi suke ji ba. Dokar 1967 ta daina ɗaure maza a kan abin a Ingila da Wales, amma sai in sun kai shekara 21 kuma a cikin sirri. 'Yan sanda na yi musu tarko, jaridu na yi musu tonon silili, ga kanjamau ta fara kashe su ana cewa alhaki ne. A watan Afrilun shekarar ma jami'an kwastan sun dira kantin littattafansu, Gay's the Word, suka kwashe kaya. To da suka ga a talabijin yadda 'yan sanda a kan dawakai ke bin mahaƙa da kulki a Orgreave, a arewacin Ingila, a watan Yuni, ba sai an yi musu tafsiri ba. Kulkin da suka sani ne, jaridun da suka sani ne.

Wasu samari biyu, Mark Ashton da Mike Jackson, suka fito da bokiti a tattakinsu na shekara, daga nan suka kafa ƙungiyar da ake kira LGSM, wato 'yan maɗigo da masu neman maza masu goyon bayan mahaƙa. Suna tsayawa a ƙofar kantin nan da ƙofofin mashaya suna kaɗa bokiti. Ni kaina na jefa. Mahaifina lebura ne a haƙar kuza a Bukuru, na tashi ina jin labarin mahaƙan kwal 21 da Turawa suka harbe a Inugu a 1949, don haka da na ji an ce mahaƙa sai hannuna ya tafi aljihu. Sai da sulallan suka faɗa sannan na karanta rubutun jikin bokitin. Na tsaya sororo. Yaron ya ce na gode, ni kuma na rasa ta cewa, na wuce. Ban ba kowa labari a masallaci ba, sai yau da nake gaya miki.

Reshen Landan kaɗai ya tara sama da fam 20,000, kuɗin wancan lokaci fa, suka zaɓi kwarin Dulais, nan arewa da ke kaɗan. Har ƙaramar motar bas suka taimaka aka samar wa mutanen. A watan Oktoba suka je da kansu, aka tarbe su a zauren mahaƙa na ƙauyen Onllwyn, aka rarraba su gida gida suka kwana. Ki duba fa, ƙauyen 'yan coci ne, maza masu ji da mazantaka. A ranar 10 ga Disamba suka yi babban wasa a unguwar Camden ta Landan, suka raɗa masa suna da kalmar zagin da ake yi musu, suka tara sama da fam 5,000 a dare ɗaya. A nan ne wakilin mahaƙan, Dai Donovan, ya hau dandamali ya ce musu kun sa bajonmu, kun san cin zarafi kamar yadda muka sani, yanzu mu ma za mu sa naku. Bajon da ke cikin gwangwanin tsohonki ke nan.

Ga inda na fi so ki kula. Mahaƙa sun sha kaye. A Maris 1985 suka koma aiki hannu rabbana, da bashi har wuya, aka ci gaba da rufe ramuka. Da sun yi shiru ba mai ganin laifinsu. Amma a watan Yuni suka cika motoci suka zo Landan da tutocin ƙungiyarsu, suka shiga sahun gaba a tattakin mutanen nan, rana tsaka, kowa na kallo. Daga baya a shekarar, a babban taron jam'iyyar Leba a Bournemouth, ƙuri'un NUM na cikin abin da ya sa ƙudurin kare haƙƙinsu ya wuce. Da gwamnati ta kawo sashe na 28 a 1988, wanda ya hana ƙananan hukumomi da makarantunsu nuna abin a matsayin zaman iyali karɓaɓɓe, mahaƙa na cikin masu adawa da shi. Sai 2003 aka soke shi a Ingila da Wales.

Shi Mark Ashton bai ga wannan ba. Kanjamau ta kashe shi a Fabrairun 1987 yana da shekara 26. In kin shiga Landan, akwai allon tunawa da shi a saman kantin, a titin Marchmont. Ɗaya daga matan mahaƙan kwarin kuma, Siân James, ta koma karatu bayan yajin har ta zama 'yar majalisa mai wakiltar gabashin Swansea daga 2005 zuwa 2015.

Tambayarki ta biyu kuwa, na bar wa masu ilimi. Ni dai na san sulallana ba su dawo ba, ban kuma taɓa neman su ba.

Ɗalibin Ilimi ya amsa:

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da kika tambaya kafin ki aikata. Ni ba mufti ba ne, abin da na karanta zan faɗa.

Godiya dole ce a kanki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma ya ce wanda ya yi muku alheri ku saka masa, in ba ku samu abin sakawa ba ku yi masa addu'a. Ba a ce sai Musulmi ba, ba a ce sai mai tsabtar aiki ba. Mutumin nan ya tsare miki ƙofa kina sallah. Wasu da muke sahu ɗaya da su ba za su yi ba.

Amma ni ina bambanta mutum da tuta. Hukuncin aikin a Musulunci a bayyane yake, alherin wani ba ya canza shi. Abin da nake tsoro shi ne sunanki a takarda ya zama kamar kin sa hannu a kan abin da ba ki yarda da shi ba, kuma zauren ba zai rasa giya da kiɗa ba. Da ni ne, sai in yi masa kyauta ta girma shi kansa, in kai har gida, in ya yi rashin lafiya in duba shi, in an taɓa shi a wurin aiki in tsaya masa. In kuma zuciyarki ta karkata ga yaran, ki sa kuɗin a ambulan ki ba shi a ɓoye, da niyyar ciyar da mai yunwa. Sadakar ɓoye ma ta fi lada.

Kuma kada a fahimce ni a karkace: masu taruwa su yi wa mutum duka a unguwa don an zarge shi, ba addini suke yi ba, ta'asa ce.

Hajiyar Leicester ta amsa:

Ke Maman Biyu, kin cika tsawaita zance! Yaro ɗan shekara 16 a kan titi cikin sanyin Wales ɗin nan mai shiga ƙashi, shi ne ake tara wa kuɗin bargo, ba ɗaurin aure aka gayyace ki ba. Shekarata 19 ina aikin jinya a nan, ban taɓa tambayar majinyaci da wa yake kwana ba kafin in sa masa ruwa. Ranar da aka fasa mana gilashin masallaci a unguwarmu, cikin waɗanda suka zo da tsintsiya har da mata biyu da ke zaune tare a layinmu, kowa ya san su. Liman da kansa ya miƙa musu shayi. Ki soya waina ki kai, Turawan nan in suka ɗanɗana waina da yaji sai sun manta sunansu.

Ba Suna ya amsa:

Anti, ki yi haƙuri ban sa suna ba, za ki gane dalili. Ina Najeriya, a Arewa, kuma ni ɗaya ne daga waɗanda ake magana a kansu. Na rubuta na goge ya fi sau biyar.

Abin da Dogo ke yi a fili da takarda a ɗakin hutu, a nan laifi ne. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta yanke shekara 14 ga wanda ya yi auren jinsi, shekara 10 kuma ga wanda ya kafa ƙungiya ko ya shiga ko ya tallafa mata. Ban da dokokin jihohin da ke shari'a. A watan ma aka yi ta kame a Bauchi, har mutane suka taru suna jifan kotu suna cewa a miƙo musu waɗanda ake tuhuma. Ina aji biyar a sakandare lokacin, ina jin ana ba da labarin a majalisar ƙofar gidanmu ana dariya, ni ma ina taya su don kada a kalle ni.

Shekara huɗu bayan nan kawuna ya ga saƙo a wayata. Da daddare ya watso mini kayana waje. Na kwana biyu a tasha. Wanda ya ɗauke ni wani ɗan daudu ne mai tuwo-tuwo a bakin tashar, dattijo, yaransa na kiransa Uwa. Ni ba ɗan daudu ba ne, ba ma duka ɗaya muke ba kamar yadda mutane ke zato, amma bai tambaye ni komai ba. Ya zuba mini tuwo da miyar kuka, ya nuna mini tabarma a bayan rumfa, ya ce gobe ka fara wanke kwanuka. Suna da adashi a tsakaninsu, daga ciki ake belin wanda aka kama, a sayi maganin wanda ya kwanta. Daga adashin nan aka biya mini kuɗin jarrabawa. Yau ina da aikina. Da ciwon suga ya ci ƙafarsa ni na yi jinyarsa wata bakwai, ni na biya likkafani. Mutum tara ne muka bi gawarsa, alhali rabin garin sun ci tuwonsa bashi.

Malam Ɗalibi, na gode da ba ka tsine mana ba, wallahi ba kasafai ba. Ba kuma zan yi jayayya da kai a kan hukunci ba, ina sallah kamar yadda kake yi, tsakanina da Ubangijina akwai abin da ba zan iya rubutawa a nan ba. Amma kalmar nan "a ɓoye" ita ce abincinmu kullum. A ɓoye ake cin bashinmu, a ɓoye ake kiranmu girkin biki ta ƙofar baya, da rana a haɗu da mu a kasuwa a kau da kai. Dogo bai tsaya wa Anti a ɓoye ba, gaban manaja ya je sau uku da sunansa. Mahaƙan da Baba ya ba da labari ma ai da a ce ambulan kawai suka aika, da ba wanda zai tuna su.

Anti, ban ce ki ɗauki tuta ba. Abin da ya sa Dogo ya tsallake ki da takardar nan, ya riga ya saba ne, yana ganin alherinsa na da iyakar inda za a amsa masa. Ni na san wannan murmushin, na sha yin sa.

Tsohon Ɗan Bukuru ya sake amsawa:

Yaro, Allah ya jiƙan wanda ya riƙe ka. Ƙari ɗaya, kada labarin ya yi zaƙi da yawa. Ba duk mahaƙa ne suka yi maraba ba, an yi gunaguni kafin a yarda baƙin su zo. A cikin masu neman jinsin ma akwai masu cewa me ya haɗa mu da mutanen da suka tashi suna zaginmu. Har matan cikinsu wasu suka ware suka kafa tasu ƙungiyar don maza sun cika baki a taro. Da gardamar da komai aka yi abin.

Maman Biyu ta dawo:

Na gode ƙwarai jama'a, kowa na karanta nasa fiye da sau ɗaya. Baba, Allah ya ƙara girma, da na faɗa wa tsohon sunan Onllwyn sai ya gyara mini furuci har sau huɗu yana dariya, har yanzu harshena ya ƙi.

Ga yadda aka yi. Na yi shawara da maigida. Shi ra'ayinsa irin na Malam Ɗalibi ne, a bayar amma kada a rubuta suna, don akwai 'yan garinmu biyu a wurin aikin kuma magana ba ta da wuyar isa Kano. Mun kai dare muna yi. A ƙarshe ya ce kuɗina ne, sunana ne, shi dai ya faɗi nasa. Har yanzu bai sauka daga kai ba, ni ma ban ce ya yi kuskure ba.

Ranar Laraba na tarar da takardar a manne a allon sanarwa. Na ciro biro na rubuta sunana cikakke, na sa fam 40. Hannuna har rawa yake, kamar mai sa hannu a kotu. Malam, niyyar da ka ce ita na ƙulla, ciyar da wanda aka kora, kuma zaman dare ban yi ba. Ranar Asabar tun asuba na hau tanda, waina 120, da yaji da miyar taushe a kula. Ƙarfe huɗu na kai zauren kafin a buɗe wurin shaye-shaye. Mijin Dogo ne ya karɓi kular a ƙofa, karo na farko da na gan shi ido da ido, gajere ne mai sanƙo, yana ta tambaya ko da cokali ake ci. Tsohona na can gaba a kekensa, an sa masa kwat, bajon a ƙirji a karkace. Na durƙusa na gyara masa shi, na fito na kama bas ɗin biyar da kwata.

Dogo bai ce mini komai a kan sunan ba. Ranar Litinin dai na tarar da kulata a ɗakin hutu an wanke ta tas, da 'yar takarda a ciki wai mutum shida na neman yadda ake yin "farin burodin nan mai tsami". Hajiya, ke kika jawo, sai ki zo ki taya ni bayanin yadda ake jiƙa shinkafar tuwo da Turanci.

Ƙanena Ba Suna, ban san garinku ba kuma ba zan tambaya ba. In akwai wanda ya gaji rumfar Uwa, ka gaya mini ko adashin na nan.